Kamfanin abokin gaba a hannun ɗan gida: ciniki ne ko jingina?

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibin shari'a ne a aji uku. A darasin dokar kamfanoni an koya mana cewa kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, dabam da masu shi. Sai kuma na karanta cewa kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa da yawa sun miƙa kamfanoninsu na can ga Amurkawa ko ga 'yan ƙasashen da ba sa cikin yaƙin, amma duk da haka gwamnati ta bi diddigi ta ƙwace su. Yallaɓai, wannan ba cin zali ba ne? In mutum ya sayar ko ya danƙa wa ɗan ƙasa, me ya rage da za a tuhuma? Kuma ta yaya aka gane cinikin gaskiya daga na rufa-rufa?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka taɓa wurin da na fi shekara ashirin ina cin abinci a kansa, wato bin sawun ainihin mai kamfani idan banki ko mai son saye ya ce a duba masa kafin ya zuba kuɗinsa. In na fahimce ka, kana son sanin abin da ya hana gwamnati gamsuwa da sunan ɗan ƙasa a saman takarda, da kuma ma'aunin da ta auna cinikin da shi.

Ka haɗa kalmomi biyu a tambayarka, "ya sayar ko ya danƙa", kuma duk rigimar tana tsakaninsu. Ka san jinginar gona. Mai gona ya karɓi kuɗi, wani ya shiga yana nomawa shekara da shekaru, baƙo zai rantse tasa ce, amma kowa a ƙauyen ya san ranar da mai ita ya kawo kuɗin zai karɓi abarsa. Littattafan Malikiyya ma sun san wani ciniki da suke kira sunya, a sayar da kaya bisa sharaɗin duk ranar da mai sayarwa ya dawo da kuɗin a mayar masa da kayansa, kuma malamai sun ɓata shi don ya fi kama da rance mai jawo amfani. Abin da jami'an Landan da Washington suke nema a cikin kowane fayil ke nan: shin Bajamushen ya rabu da kamfanin har abada, ko kuwa ya bar wa kansa ƙofar dawowa in ƙura ta lafa?

Inda darasin aji ya haɗu da yaƙi

Abin da aka koya muku gaskiya ne, tushensa shari'ar Salomon da aka yi a Ingila ta 1897. Amma yaƙin 1914 ya gwada shi. Akwai wani kamfanin tayoyin mota mai rajistar Ingila, Continental Tyre and Rubber. Hannun jarinsa 25,000 ne, duka na Jamusawa in ban da ƙwaya ɗaya tak da ke hannun sakataren kamfanin, wanda shi ma haifaffen Jamus ne da ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya. Daraktoci kuwa duk suna Jamus. Kamfanin motoci na Daimler na Ingila yana da bashinsu a kansa, ya ce ba zai biya ba, don biyan ciniki ne da abokin gaba. Kotun ɗaukaka ƙara ta bi darasinku sak, ta ce kamfanin ɗan Ingila ne, a biya shi. A 1916 alƙalan majalisar dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka rushe hukuncin. Lord Parker ya bayyana cewa kamfani na iya ɗaukar halin abokin gaba idan waɗanda akalarsa ke hannunsu suna zaune a ƙasar abokan gaba, ko daga can suke karɓar umarni. Daga ranar, takardar rajista ta daina zama garkuwa. Sai dai hukuncin ya koya wa ɗaya ɓangaren darasi shi ma: gaba kada a sake barin kujerun daraktoci cike da Jamusawa.

Amurka ta shiga yaƙin a 1917, ta yi dokar hana ciniki da abokan gaba ranar 6 ga Oktoba, aka naɗa A. Mitchell Palmer mai riƙon dukiyar baƙi. Shi ya ƙwace reshen Bayer, masu asfirin, aka yi gwanjonsa a Disambar 1918, kamfanin Sterling Products ya saya a kan dala miliyan 5.3. Ƙura idonka a nan. Sterling na Amurkawa ne tsantsa, da kuɗinsu suka saya, a bainar jama'a. Amma sun sayi masana'anta ba su sayi sanin aikin ba, domin sirrin haɗa magungunan yana kawunan injiniyoyin Jamus. Ba a yi shekara biyar ba shugabansa William Weiss ya ƙulla yarjeniyoyi da Bayer na raba riba, har Jamusawan suka samu rabin ribar reshen magunguna na Winthrop. Da yaƙi na biyu ya ɓarke, jiragen ruwan Birtaniya suka tare hanyar Jamus, Sterling ne ya riƙa cike musu kasuwar Kudancin Amurka don kada abokan cinikinsu su watse. A 1941 gwamnati ta tilasta warware yarjeniyoyin, Weiss ya sauka. Jami'an da suka ga haka sun fito da wani tunani da bai sake barinsu ba: in har wanda ya saya a gwanjon gwamnati zai iya komawa ɗan aiken tsohon maigida, ina ga wanda maigidan ya zaɓa da kansa?

Akwai kuma wata kafa da kotun ƙolin Amurka ta buɗe a 1925, a shari'ar Behn, Meyer. Ta ce kamfanin da aka yi wa rajista a ƙasar da ba abokiyar gaba ba, kuma ba ya harka a ƙasar abokan gaba, ba za a riƙe dukiyarsa ba ko da Jamusawa ne masu hannun jarinsa. Kamar an zana wa mutum taswira ne. Manyan kamfanonin Jamus suka riƙa ajiye kadarorinsu na waje a hannun kamfanoni da bankunan Suwizalan, Holan da Suwidin, su kuma ɗora 'yan gida a kujerun shugabanci. Su da kansu suna da sunan abin a takardunsu na cikin gida, Tarnung, wato ɓad da kama.

General Aniline, shari'ar da ta fi kowacce tsawo

I.G. Farben, gagarumar haɗakar kamfanonin sinadarai ta Jamus, ta kafa wani kamfani a birnin Basel a 1928 mai suna I.G. Chemie. A 1929 ta tattara harkokinta na Amurka ƙarƙashin American I.G. Chemical, ta zaunar da manyan Amurkawa a hukumar daraktoci, irin su Edsel Ford da Walter Teagle na Standard Oil. A takarda, kamfanin Basel ne mai na Amurka. To amma wa ke da na Basel? Shugabansa Hermann Schmitz ne, mai riƙe da jakar kuɗin I.G. Farben. Kuma akwai yarjejeniya tsakaninsu: Farben ta lamunce wa masu hannun jarin Basel rabon riba, ita kuma tana da ikon sayen kadarorin kamfanin duk lokacin da ta ga dama, a kan farashin da ke rubuce a littafi. Ka ga ƙofar dawowar da na faɗa maka.

Da yaƙi ya matso, aka shiga goge sawu. A 1939 aka cire haruffan I.G. daga sunan kamfanin Amurka, ya koma General Aniline and Film. A 1940 aka soke yarjejeniyar lamuni da ikon saye, Schmitz ya sauka daga kujerar Basel, aka ce yanzu kamfanin na mutanen Suwizalan ne zalla. Amma shugaban General Aniline a New York shi ne Dietrich Schmitz, ɗan'uwan Hermann, wanda ya riga ya zama ɗan Amurka. A idon doka Ba'amurke ne ke tafiyar da kamfanin Amurka mallakar 'yan ba-ruwanmu. A idon Ma'aikatar Kuɗin Amurka ƙarƙashin minista Henry Morgenthau kuwa, biri ya yi kama da mutum.

A ƙarshen 1941 aka sake wani yunƙuri, wanda shi ne ainihin abin da kake tambaya. Aka kawar da Dietrich Schmitz, aka ɗora Alƙali John E. Mack, tsohon aminin Shugaba Roosevelt, aka kuma shigo da tsohon jakada William Bullitt. Ba wanda ya taɓa zargin waɗannan mutane da yi wa Jamus aiki. Duk da haka, a Janairun 1942 ma'aikatar ta dakatar da manyan jami'an kamfanin biyar, a Fabrairu ta karɓe fiye da kashi 90 cikin 100 na hannun jarin. Hujjarta mai sauƙi ce, kuma ina ganin daidai ce: darakta ma'aikaci ne, mai hannun jari ke ɗora shi, shi ke sauke shi. Komai amanar Mack, ranar da aka daina harbi mai ƙuri'a zai iya cewa an gode, ya maido mutanensa. Kuma ko a lokacin, alƙali ba ya haɗa rini. Masu haɗawar, masu riƙe da littattafan fasaha, masu sanin wane abokin ciniki ke sayen me, yawancinsu a Farben suka yi wayo.

Kada ka ɗauka kuɗi kawai ake ji wa tsoro, don an riga an toshe asusun Jamusawa tun Yunin 1941. General Aniline na yin fim ɗin hoto na Agfa-Ansco da sojoji ke amfani da shi, yana kuma da reshen Ozalid mai injinan kwafe zanen injiniyoyi, waɗanda masu gyaransu ke shiga masana'antun makamai. Labari na iya fita ta nan. Sannan kamfanin da ke ɗaure da yarjejeniyar fasaha da wani na Jamus yana iya ƙin faɗaɗa aiki ko ƙin ba wasu izinin ƙera abu, a lokacin da ƙasa ke buƙatarsa ruwa a jallo. Ga kuma ribar shekarun yaƙi da za ta taru tana jiran mai ita.

Abin da ake dubawa a cikin fayil

Tambayoyin da masu binciken suka riƙa yi su ne nake yi har gobe. Ta farko, ina kuɗin sayen ya fito? In manaja mai albashi ya wayi gari ya sayi masana'anta, kuma mai sayarwar ne ya ranta masa kuɗin, za a biya daga riba, to ba a sayi komai ba, an canza sunan riba ne zuwa biyan bashi. Daga nan sai farashi: abin miliyan goma da aka bayar a miliyan ɗaya yana nuna akwai wani biyan da ba a rubuta ba. Sai ranar ciniki, domin wanda aka ƙulla mako biyu kafin doka ta hau ba ɗaya yake da na shekara biyar baya ba. Ana duba wanda ke sa hannu a banki, wanda ke amsa wasiƙun manyan abokan ciniki, da ko manajan ya taɓa yanke wata shawara da ta saɓa wa tsohon maigida. Wannan ta ƙarshe na fi yarda da ita. Mai kaya na gaskiya, wata rana sai ya yi abin da tsohon mai shi ba zai so ba: ya kori ɗan gaban goshinsa, ya sayi kaya daga kishiyarsa. Ɗan je-ka-na-yi-ka ba ya yi.

Amma uwar tambayoyin ita ce ko akwai alkawarin mayarwa, kuma ita ce ba a cika samu a fayil ba. Dubi American Bosch, reshen kamfanin Bosch na Jamus, mai yin famfon injekta na injinan dizal a garin Springfield na Amurka. A 1940 bankin Enskilda na iyalan Wallenberg a Suwidin ya sayi mafi yawan hannun jarinsa. Aka kuma miƙa ikon jefa ƙuri'ar ga wani Ba'amurke, George Murnane, ta hannun ofishin lauyoyi na Sullivan and Cromwell. Wato labule biyu: mai kaya ɗan ba-ruwanmu, mai ƙuri'a ɗan gida. Gwamnati ta ƙwace kamfanin a Mayun 1942 bisa zato mai ƙarfi, bankin yana ta musu. Sai a 1945, da sojojin Amurka suka shiga Jamus suka samu takardun Bosch na Stuttgart, aka ga yarjejeniyar sirri ta mayar wa Bosch hannun jarin bayan yaƙi. Shekara uku hujjar tana kwance a ƙasar abokan gaba, inda babu mai binciken da zai kai hannu. Da an ce sai an ga takarda kafin a motsa, da ba a motsa ba.

Shi ya sa majalisar dokokin Amurka ta toshe kafar Behn, Meyer a Disambar 1941, ta ba da ikon karɓe dukiyar kowane baƙo, ko ɗan wace ƙasa ne. Kotun ƙoli ta goyi bayan hakan a shari'ar Uebersee ta 1947, ta ce ɗan ba-ruwanmu zai iya neman a mayar masa, amma sai in dukiyar ba ta da tabon abokan gaba. Uebersee kamfanin Suwizalan ne, ita kuma dukiyar da ake shari'a a kanta ta wani Fritz von Opel ce, kyauta daga iyayensa a 1931, amma iyayen da ke Jamus sun riƙe haƙƙin cin amfaninta. A 1952 kotun ta ce wannan riƙon ya isa tabo.

Ni ban yi aiki a zamanin yaƙi ba, amma na ga ƙanin wannan abin a gida. Bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, baƙi da yawa sun yi irin wannan dabara. Shekarun baya wani banki ya sa ni duba wata masana'anta. A rajista, mafi yawan hannun jarin na wani dattijo ne da ya fara aiki a wurin a matsayin mai kula da sito. A ƙasan fayil na tarar da takardu uku: takardar mayar da hannun jari da ya sa wa hannu ba kwanan wata ba sunan mai karɓa, takardar ajiye aiki ita ma ba kwanan wata, da yarjejeniyar rance daidai da kuɗin hannun jarin. Da na zauna da shi na ce, "Baba, ka san abin da ka sa wa hannu?" Ya ce amana maigidansa ya ba shi, shi kuma bai taɓa cin amana ba. Gaskiya ya faɗa. Amma maigidan ya rasu, 'ya'yansa sun kwashe abin da za su kwasa sun bar ƙasar, kuma sunan dattijon ne a kan lamunin bashin banki, da takardar gidansa. Tun daga ranar, in na karanta labarin manajojin da aka ɗora a New York ko Bogota a 1940, su nake fara tunawa kafin masu kamfanin. Wanda ya ari sunansu yana nesa. Su ne ake kira ofis a yi wa tambayoyi, su ne sunansu ke shiga baƙin littafi. Wanda Amurka ta fitar ranar 17 ga Yulin 1941 ya fara da sunaye kusan 1,800 a Kudancin Amurka, kuma duk wanda ya shiga ciki ba banki ko jirgin ruwan Amurka da zai sake hulɗa da shi.

To, cin zali ne?

Amsata ta rabu biyu. Binciken kansa ba zalunci ba ne. Gwamnatin da ta san tarihin Sterling, sannan ta rufe ido don an nuna mata sabon darakta, ta ci amanar sojojinta. Kuma ba kowane zato ne ya kai ga ƙwace ba. Akwai matakai: a toshe asusu a ce sai da izini za a taɓa shi, a zaunar da jami'in sa ido a cikin ofis, a cire wasu mutane a bar kamfani ya ci gaba, sannan a karɓe hannun jari, sannan a sayar ko a rushe. Akwai kuma manajan da ya tsira don bai ɓoye komai ba. George Merck, wanda ke tafiyar da reshen kamfanin magunguna na gidansu a New York, da kansa ya kai wa hukuma kashi 80 cikin 100 na hannun jarin da ke na danginsa na Jamus, a 1919 ya saye su a gwanjo. Rabuwar ta tabbata, har yau kamfanonin Merck biyu ne ba su haɗa komai ba sai suna.

Amma ma'aunin da na lissafa maka yana da rauni, kuma dole ka san shi. Duk alamomin rufa-rufa ana samunsu a cinikin gaskiya na wanda ke cikin tsoro. Mai gudun ceton rai yana sayarwa da arha, da gaggawa, ga yaronsa da ya yarda da shi, kuma bashi. A aikina, mai zargi ne ke kawo hujja, kuma ina da lokaci. A yaƙi an juya abin: a ƙwace tukuna, kai ka je kotu ka tabbatar da tsarkinka. Yahudawan da Hitler ya kora, a takarda Jamusawa ne, dukiyar wasunsu ta faɗa cikin komar, sai a 1946 aka gyara doka don a mayar wa waɗanda aka zalunta. Japanawa mazauna Amurka da suka ajiye ɗan guminsu a bankin Yokohama Specie, wasu dubbai sai da kotun ƙoli ta sa baki a 1967 kafin a buɗe musu hanyar karɓa.

Sannan dukiyar da aka ƙwace nama ce, kuraye ba sa nisa da ita. Francis Garvan, wanda ya gaji Palmer, ya sayar da takardun mallakar fasahar Jamusawa kusan 4,500 a kan dala 250,000 ga wata gidauniya da shi ne shugabanta. Thomas Miller, wanda ya riƙe ofishin bayansa, an ɗaure shi wata 18 a hukuncin 1927, saboda badaƙalar mayar da kusan dala miliyan 7 na kamfanin American Metal ga wani kamfanin Suwizalan da Jamusawa ke bayansa.

Mu ma abin ya ratsa ta kanmu. A 1916 aka shirya gwanjon kadarorin kamfanonin Jamus da ke Najeriya, irin su G.L. Gaiser na Legas. Ranar 8 ga Nuwamba majalisar wakilan Birtaniya ta yi zazzafar muhawara a kan wa zai saya. Ɓangaren ɗan majalisa Edward Carson suka ce sai 'yan Birtaniya kaɗai, don kada Bajamushe ya dawo ta bayan fage da rigar ɗan ba-ruwanmu. Bonar Law, sakataren ƙasashen mulkin mallaka, ya ƙi, domin yana ganin manyan kamfanonin Ingila da ke ciniki a gaɓar tekunmu so suke a kore musu kishiya su ci gaba da karya farashin amfanin gonar talakawa. Gwamnati ta yi nasara da ƙuri'a 231 a kan 117, amma jam'iyyar Law ta tsage, kuma wata guda bayan haka gwamnatin Firaminista Asquith ta faɗi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Kishin ƙasa na iya zama mayafin kwaɗayi, kuma tsoron Carson ma ba na banza ba ne: gonakin Jamusawa na gindin Dutsen Kamaru, da aka buɗe gwanjonsu ga kowa a Landan a 1924, yawancinsu hannun tsofaffin masu su suka koma ta hannun dillali. Da yaƙi ya dawo a 1939 aka sake ƙwace su, daga baya suka zama tushen kamfanin raya gonakin Kamaru, wato CDC.

Saboda haka in malaminku ya kawo wannan a jarrabawa, kada ka tsaya a kan ko an yaye labulen kamfani ko ba a yaye ba. Ka raba tambayar gida biyu: shin akwai dalilin ƙwacewa a ranar da aka ƙwace, sannan shin an ba mai ƙorafi hanyar gaskiya ta kare kansa cikin lokacin da ya dace. A ta farko gwamnatocin sun fi yawan yin daidai. A ta biyu ne suka fi kasawa, kuma General Aniline ce shaida.

I.G. Chemie ya sauya suna zuwa Interhandel a 1945, ya shigar da ƙara a 1948 yana cewa rabuwar 1940 ta gaskiya ce. Gwamnatin Amurka ta nemi littattafan bankin Sturzenegger na Basel, dokar sirrin banki ta Suwizalan ta hana a bayar da su duka, aka kori ƙarar, kotun ƙoli ta dawo da ita a 1958. Suwizalan ta kai Amurka kotun duniya, a 1959 aka ce a koma a ƙarasa a kotunan Amurka tukuna. Duk wannan lokacin gwamnati ce ke naɗa daraktocin kamfanin, shekara 23. A 1963, lokacin da Robert Kennedy ke ministan shari'a, aka yi sulhu. A Maris na 1965 aka sayar da hannun jarin ga jama'a a kan dala miliyan 329, Interhandel ya karɓi kimanin miliyan 120, ba da daɗewa ba wani babban bankin Suwizalan ya haɗiye shi. Masana tarihi sun ci gaba da jayayya a kan takardun, amma babu wata kotu, a Amurka ko a waje, da ta taɓa yanke hukunci a kan ko abin da aka yi a Basel a 1940 ciniki ne ko jingina.